Alƙalin Wasan da Muka Shekara Arba'in Muna Zargi

Da zarar an rufe makarantu, masara ta fara kai gwiwa, kowa a Ostrand ya san abin da zai gani da la'asar. Tsohuwar a-kori-kurar Orval Zelenka za ta gangaro ta bayan rumbun hatsi tana tari, ta tsaya a gindin tankin ruwa, inda filin ƙwallon sanda na yara yake. Zai fito da ƙyar, don gwiwoyin nan sun daɗe da yi masa tawaye. Ya ɗaura wani tsohon ƙarfen gado a bayan motar yankan ciyawa, ya yi ta zagaya fili har ƙasa ta kwanta lif. Ya ja fararen layuka. Ya ɗaga tuta. Sannan ya koma bayan mota ya sa shuɗiyar rigarsa, ya ɗaura sulken ƙirji, ya riƙo garkuwar fuska, ya zo ya tsaya a bayan mai cafke ƙwallo yana jiran mu zo mu zage shi.

Mu kuwa ba ma saɓa masa alkawari. Za ka ga mutane suna tahowa da kujeru masu naɗewa a kafaɗa, da akwatin ƙanƙara, da jarirai, da karnuka. Matan coci sun kasa gugguru da biredi mai sosej. Sai lasifikar nan mai ƙarar tsiya ta saki taken ƙasa, kowa ya miƙe, hula ta sauka, hannu a ƙirji. Ana gamawa Orval zai ce a fara wasa. Kafin ƙwallo ta uku za ka ji muryar Wilma Stuckey, mai shagon gyaran gashi, ta keto fili: "Mai Shuɗi, a gida ka baro idanun naka?"

Haka ake kiran alƙalin wasa a ko'ina, Mai Shuɗi, saboda rigarsa. Shi ke faɗin ko ƙwallo ta bi ta inda mai sanda zai iya dukanta ko ta kauce, shi ke faɗin ko yaro ya riga ƙwallo isa zango ko ita ta riga shi. Ba a biyan Orval ko sisi. Aikin da ya ci abinci da shi tuƙin motar gyaran hanya ne, kuma ya daɗe da yin ritaya. Wannan na filin wasa shi ya ɗora wa kansa, shekara arba'in da ɗoriya.

To, nan ne fa muke da magana. Wane mai hankali ne zai tsaya a zafin ranar jiharmu ta Nebraska, cikin sulke, ana jifansa da ƙwallo ta gaba ana zaginsa ta baya, kyauta? Tun farko mun ce akwai abin da yake ci a ciki. Kuma ba sai mun yi nisa wajen nema ba, don Orval ba ɗan garin nan ba ne. A Pruitt aka haife shi, can hayin kogi, garin da muke karawa da shi kowace ranar huɗu ga Yuli, ranar bikin 'yancin ƙasa, tun zamanin kakanni. Aure ne ya hayo da shi. Ya auri Jolene, 'yar gari gaba da baya, ya gina gida, ya haifi 'ya'ya, ya aurar da su, ya binne surukansa a maƙabartarmu. Duk da haka idan ya yanke hukuncin da bai yi mana daɗi ba, magana ɗaya ce ke tashi daga benci: ɗan Pruitt ne, me kuke tsammani?

Idan ka tare ɗayanmu ka tambaye shi abin da ya fi so a ƙasar nan, zai kawo maka manyan maganganu. Zai ce 'yanci, zai ce tuta, zai ce hanyar da za ka wuni kana tuƙi ba wanda ya tambaye ka ina za ka. Duk gaskiya ne. Amma ni ka bar ni da inda mutum yake kai kujerarsa da yamma. Abin da muke so shi ne fili mai ciyawa, da yara cikin fararen wanduna, da mutum ɗaya mai iko wanda za ka kalli tsabar idonsa ka kira shi makaho, ka koma gida ka yi barcinka lafiya lau. Orval ne ya riƙe mana wannan gurbin, kuma bai taɓa juyowa ya rama ba. Wannan ma sai da muka zarge shi a kai. Muka ce wanda ba shi da abin ɓoyewa ai da ya tanka.

Abubuwan da ya yi kuwa, a gaban idonmu ya yi su, fassarar ce muke ba su tamu. Wata shekara muna kan gaba, sama garau sai ɗan duhu can yamma, ya cire garkuwa ya shaƙi iska ya ce kowa ya shiga mota. Aka yi ca a kansa, wai ya ga za mu ci. Ba mu gama kwashe kujeru ba jiniyar guguwa ta kama kuka, iska ta zo ta ɗauke rufin rumfar gugguru ta ajiye shi a gonar mutane. Kun san abin da aka ce washegari a wurin shan kofi? Wai ya taki sa'a.

Sai kuma ranar da ya sheƙa wa ɗan mai aski ruwa. Yaron, Curtis Vrba, yana tsaye da sanda yana rawar jiki, sai Orval ya ɗauko butar ruwansa kamar zai sha, ta suɓuce, ta juye a wandon yaro tas. Uwar ta kusa haura wayar shingen fili. Aka ce da gangan ya yi don ya rikita mana ɗan wasa. Da gangan ɗin ne kuwa. Curtis yanzu shi ne mai kantin magani, da furfurarsa, kuma sai bara ya buɗe baki ya faɗa: fitsari ne ya kubce masa don tsoro, a gaban gari duka, Orval kaɗai ya gani. Shekara talatin mutumin nan yana shan baƙar magana a kan butar ruwa bai ce uffan ba.

Kai ne wannan, Orval. Kai ne mai durƙusawa a kan gwiwar da ba ta lanƙwasuwa don ka ɗaure wa ɗan wani igiyar takalmi. Kai ne mai raɗa wa ƙaramin mai cafke ƙwallo ya ja baya kaɗan kada sanda ta fasa masa kai, ko namu ne ko na hayi. Kai ne ƙwallo ta karya maka ƙashin wuya ka ƙarasa wasan da hannu ɗaya. Sha-zagi, mijin Jolene. Ita kam ba ta iya abin da ka iya ba, tun ranar da ta kifa wa wani kwanon gugguru a ka ta daina zama a benci, sai dai ta kalla daga cikin mota, gilashi a rufe.

Abin da ya kawo mu ga wannan rubutu ya faru ne bara, ranar huɗu ga Yuli. Mun daɗe ba mu ci Pruitt ba, daɗewar da har ta zama abin tsokana a kasuwar shanu. Bara kuwa Allah ya ba mu yara. Mai horar da su, Duane Kettelhut, dillalin taraktoci, ya yi ta cika baki tun bazara. Aka zo zagayen ƙarshe suna gabanmu da ci ɗaya tal, yaranmu biyu suna tsaye a zango suna jiran wanda zai doka su rugo gida, wato zangon ƙarshe inda ake samun ci, kuma saura mutum ɗaya ya fita wasa ya ƙare. Wanda ya ɗauko sanda shi ne Brock, ɗan Duane na cikinsa, yaron da ke aika ƙwallo har gonar masara. Mun riga mun fara tashi tsaye.

Sai Orval ya ɗaga hannu ya ce a dakata.

Akwai doka tsakanin garuruwan biyu, ta girmi duk wanda ke wurin: yaron da duk ya sa rigar wasa, sai ya riƙe sanda ko sau ɗaya ne kafin a tashi. Kowa ya san ta, kowa yana alfahari da ita a baki. Orval ya duba bencin yaranmu, kowane wando ya yi jawur da ƙasa, sai guda ɗaya fari ƙal. Mai wandon wata 'yar siririya ce, Noemi Ixcoy, 'yar shekara goma. Iyayenta sun zo garin ba da daɗewa ba, uban yana aiki a kamfanin nama. Kullum yakan zo da takalman aikinsa ya tsaya can ƙarshen waya, bai taɓa zama a cikinmu ba. Yarinyar kuwa, a faɗi gaskiya, idan ta ga ƙwallo ta taho runtse ido take yi.

Duane ya taso fuska a murtuke. Ya ce yarinyar ce da kanta ta ce ba ta so, cikinta ke ciwo. Orval bai ko kalle shi ba. Ya taka har benci yana ɗingishi, ya cire garkuwa don ta ga fuskarsa.

"Noemi, cikinki na ciwo?"

Ta girgiza kai.

"Kina son ki doka?"

Ta kalli Duane, ta kalli ubanta can nesa, sannan ta ce a hankali, "Ina so."

"To ɗauko sandarki, juyinki ne."

Duane ya ce, "Haba Orval, yau ɗaya dai. Ka san shekara nawa muna jiran ranar nan?"

"Ita ma yau take jira," in ji Orval, ya mayar da garkuwarsa.

Masu son labari mai daɗi za su so in ce ta doka ƙwallo ta haye waya. Ina! Dama uku ake ba mai sanda, in ya ɓarar da su ya fita. Ta farko ta runtse ido ta kai wa iska duka. Ta biyu sandar ta ɗan shafi ƙwallon ta yi baya, sai muka ji tafi daga ƙarshen waya, uban ne shi kaɗai yana tafawa kamar an ci kofi. Ta uku ba ta ko motsa ba. Ƙwallon ta wuce daidai gefe, irin wadda alƙali mai tausayi zai iya cewa ta kauce ba wanda zai kama shi. Orval ya ɗaga hannun dama ya ce ta fita. Wasa ya ƙare, Pruitt ta sake cinye mu.

Kai, ranar na ji abin da ban taɓa ji ba. Wilma ta ce ga makirci nan a fili ko yaro ya gani: shi ya sako yarinyar, shi kuma ya fitar da ita. Wasu suka ce da ma ya ƙirga, ya bari sai a ƙarshe. Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa Duane bai sa ta tun farkon wasa ba, lokacin da ba abin da za a rasa. Yara dai sun jeru yadda aka saba, suka tafa hannu da na Pruitt, suka ruga wajen kankana. Manya ne suka ƙi haƙura.

Cikin makon kwamitin wasa ya zauna a ofishin 'yan kwana-kwana. Ba su kira Orval ba. Suka yanke shawarar daga yanzu za a riƙa ɗauko alƙali daga birni, wanda ba shi da dangi a kowane gefen kogi. Duane ne ya kai masa saƙon, daga bakin ƙofa, ko injin mota bai kashe ba. Orval ya shiga ciki ya kwaso sulke da garkuwa ya miƙa masa, ya ce igiyar hagu tana kwancewa, a gaya wa mai zuwa.

Jolene ta ce wannan hunturu bai yi maganar wasa ba ko sau ɗaya. Sai dai wata safiya suna shan kofi, dusar ƙanƙara ta rufe gari, ya dubi taga ya ce mata, "Jo, idan na mutu, a wane gefen kogin za su yarda a sa ni?" Ta ce ta zage shi tas don kada ya ga hawayenta. Ashe duk shekarun nan zagin bai dame shi ba, ya ɗauke shi cikin aikin. Kalmar ɗan Pruitt ce take cinsa. Ya ba garin nan ƙuruciyarsa da gwiwoyinsa, har yanzu baƙo ne.

Bana aka kawo na birnin. Saurayi ne tsaf-tsaf, kuma a ba shi haƙƙinsa, idonsa ras yake, ya san aikinsa. Sai dai ranar farko da Wilma ta tambaye shi inda ya baro idanunsa, ya tsayar da wasa ya nuna mata hanyar mota. Wilma Stuckey, wadda ta binne maza biyu, aka kora daga filin da ta girma a ciki! Wasa na gaba ya kori mutum uku har da dattijon coci. Muka koma muna zaune tsit kamar masu jiran likita. Fili ma ba mai share shi, don shi hukunci aka ɗauko shi ya yi, ba jan ƙarfen gado ba. Bai daɗe ba ya aiko cewa shi ya gaji da mu, mu nemi wani. Ga huɗu ga Yuli ta ƙarato.

Duane da Wilma ne suka je wurin Orval, suna tafe suna tura juna gaba. Sun same shi yana ba tumatir ruwa. Bai ja musu rai ba, bai kuma ce sai sun ba shi haƙuri ba, abin da ya sa Wilma ta ce daga baya akwai wata a ƙasa. Tambaya ɗaya ya yi, ko Noemi tana nan cikin 'yan wasa. Duane ya ce tana nan, ita yake fara sawa yanzu. Ko don adalci ne ko don a rabu da ita da wuri, wannan sai ku tambayi Duane. Orval ya ce zai yi wannan wasa ɗaya, daga shi ya gama, likita ya ce gwiwar sai an canja ta. Wilma, don kunya, ta yi alkawarin ranar ba wanda zai ji bakin kowa daga ɓangarenmu.

Mun kuwa cika alkawari, kuma shi ya tona abin da ba mu taɓa sani ba. Ana tsakiyar wasa wani yaron Pruitt ya rugo gida ya zame a ƙasa, ƙwallo ta iso kusan tare da shi, ƙura ta tashi. Orval ya ce ya fita. Da a da ne, ihunmu na murna zai rufe komai. Yau muna shiru, sai muka ji abin da ke fitowa daga bencin hayi, tar a kunne.

"Ɗan Ostrand! Ai mun sani! Tun ranar da ka haye kogi ka sayar da mu!"

Mai maganar wani jibgegen tsoho ne da jar hula. Merle Zelenka, ƙanen Orval uwa ɗaya uba ɗaya. Mutanensa suka amsa masa, kuma daga yadda suka amsa ka san ba yau suka fara ba, waƙar da suka haddace ce. Ashe shekara arba'in muna kiransa ɗan Pruitt ta kunnen dama, su suna kiransa ɗan Ostrand ta kunnen hagu. Shi kaɗai ke tsakiya yana jin duka biyun, mu hayaniyarmu ba ta taɓa barinmu mun ji ba. Na kalli na kusa da ni, kowa ya sunkuyar da kai.

Sai Wilma ta miƙe, alkawari ya bi ruwa.

"Merle Zelenka, rufe mana baki! Makaho ne, mun ji, mu muka fara faɗa. Amma makahonmu ne. In kuna son na zagi ku je ku nemo naku!"

Ban san wanda ya fara tafi ba, na dai ga benci duka a tsaye. Can bayan waya Jolene ta danne hon ɗin mota ta ƙi saki. Orval bai juyo ba. Ya tsaya yadda yake, bayansa gare mu, ya daɗe yana gyara igiyar garkuwar da ba abin da ya same ta, kafaɗunsa suna ɗan motsi. Sannan ya ce a ci gaba da wasa, da wata murya da ba tasa ba. Zagaye na gaba ya fitar da jikan Wilma a kan ƙwallon da ni dai daga inda nake na ga ta kauce, ita kuma ta gaya masa ra'ayinta a kan idanunsa da na kakanninsa. Pruitt ce ta ci, in kuna son sani.

Mun gode, Orval. Mun gode da ranar da ka sha, da baƙar maganar da ka haɗiye, da sirrin yaran da ka rufe. Mun gode da ka riƙe mana dokar da muke yabo a baki muke gudu idan ta zo kanmu. Kai ne ka nuna mana cewa abin da muke taƙama da shi a ƙasar nan, wai kowa yana da juyinsa, ba ya tsayuwa da ƙafarsa, sai an sami mai taurin kan da zai tsayar da wasa a kansa gari duka yana masa ihu. Allah ya ba gwiwar lafiya, ya bar ka da Jolene.

Ku kuma samarin Ostrand da 'yan matanta, masu ƙafafu lafiyayyu, ga fili nan ba alƙali. Kada ku ce sai an roƙe ku, shi ma ba wanda ya roƙe shi. Ba za a biya ku ba, za a zarge ku, kuma ni da kaina zan sa muku ido. Amma wani ya fito ya karɓa kafin masara ta sake tsirowa. Sai dai duk wanda zai karɓa ya shirya kunnensa. An ga Orval a kantin kayan gona ya sayi kujera mai naɗewa, Wilma ta ce ta ware masa wuri kusa da ita, a ɓangarenmu, sahun gaba. Ya ce akwai maganganun da ya daɗe yana tarawa a bakinsa.